Kifin da Baba ya zana ba ya shiga tukunya

A gidanmu da ke Gangaren Tudu a garin Keffi akwai wani farin daro mai shuɗin baki wanda ba a wanki a cikinsa, ba a jiƙa masara, ba a ara wa maƙwabta ko da kuwa suna ake yi. Daron Baba ne, kuma kifi kaɗai ke shigarsa. Tun da na yi wayo nake ganinsa a kife bayan ƙofar zaure, kusa da gwangwanayen fenti da kwalbar kananzir ɗin wanke burushi.

Mahaifina tsohon soja ne. Ya je yaƙin basasa tun ban zo duniya ba, ya dawo yana ɗan jan ƙafar hagu, da muƙamin kofur wanda ya manne masa har ya cinye sunansa na yanka. Yara su ce Kofur, limamin unguwa ya ce Kofur, ita ma Inna, mahaifiyata, idan ya kai ta bango sai ta ajiye Malam ɗin da ta saba ta ce Kofur, da wata irin murya da ke sa mu yara mu nemi hanyar waje. Ni kuwa sunan mahaifiyarsa na ci, don haka bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini.

Sana'a biyu ya riƙe bayan ya ajiye kaki. Da an idar da sallar asuba yake saɓa birginsa, tarun nan da ake wurgawa ya buɗe a kan ruwa kamar lema, ya gangara rafin Antau. Da hantsi ya dawo, Inna ta ware na miya, mata masu suya su zo su kwashi saura. Bayan azahar kuma ya hau kekensa ya nufi Sabon Gari, inda yake rubuta wa masu shaguna alluna, yana zana zaki da dawisu a bayan motocin katako. A wancan lokacin ba na jin akwai layin da za ka bi a Sabon Gari ba ka ci karo da hannun Baba ba.

Amma zanen da yake yi wa kansa na kifi ne, kuma ba kullum ba. Sai ranar da birgi ya kawo wanda ya shiga ransa, karfasa mai sheƙi ko ƙurungu mai ɗige-ɗige, sai ya jefa shi a gora da ruwa ya taho da shi da ransa. A zaure zai juye shi cikin daro, ya jawo kujerar tsugunno, ya ɗora falankin katako a gwiwa, ya yi ta kallonsa kamar yana jiran kifin ya fara ba shi labari. Ya soma da gawayi, ya bi da fenti. Ido yake bari ƙarshe. Idan komai ya kammala sai ya karya tsinken tsintsiya, ya dangwala a farin fenti, ya ɗiga ɗan ɗigo a cikin baƙin idon. Da wannan ɗigon sai ka ga kifin katako ya farka yana kallonka. Daga nan Baba ya goge hannu, ya ɗauki daro a ka, ya ja ƙafarsa har rafi ya mayar da mai ran inda ya ɗauko shi.

Wannan ɗabi'a ta sha haɗa shi da Inna. Wadda ba na mantawa ita ce ranar da ƙannen mahaifinta za su zo mana yini daga ƙauyen Yara. Baba ya shigo da wata tarwaɗa mai kaurin taɓarya. Inna ta riga ta yi jajjage, ta ɗora tukunya, tana leƙowa zaure sai ta gan ta a daro tana karkaɗa gashin baki.

"Malam, wannan ai rabon baƙina ne Allah ya kawo."

"A'a, wannan ta zauna mini," in ji shi, ko ɗaga kai bai yi ba.

"Ta zauna maka! To ni fa, Kofur? Tun yaushe nake zaune maka a gidan nan, ko ɗan yatsana ka taɓa zanawa?"

Baba ya yi murmushi yana fiƙe gawayi. "Ke ai ba na son mayar da ke rafi."

Inna ta juya madafa tana ƙunƙuni. Baƙi suka ci tuwo da miyar 'yan ƙananan kifaye masu ƙaya, tarwaɗa kuma ta kwana a Antau. Ni na ɗauka wasan manya ne, na yi dariya don na ga yayana yana yi.

Gaskiyar Inna ce, Baba ba ya zana fuskar mutum. Akuya, zakara, kwalbar magani, duk ka kawo. Wani mai aski ɗan kudu ya taɓa ba shi aikin allo mai nuna kalolin aski, Baba ya kai masa kawuna reras, kowanne ya juya baya, ƙeya ce zalla. Mutumin ya riƙe ƙugu ya ce, "Haba Kofur, ina fuska? Kastoma yana so ya ga fuska!" Baba ya tambaye shi, askin a ƙeya yake ko a hanci? Haka aka kafa allon, ya kuwa yi shekaru a ƙofar shagon. Mutanen unguwarmu sun ɗauka tsoron Allah ne ya hana shi, har liman ya taɓa yaba masa a kai. Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Ni dai ba ruwana da dalili. So nake Baba ya zana ni, kuma son ya tsaya mini a rai kamar ƙayar kifi a maƙogwaro. Kishin kifin nan nake yi, ba na ɓoyewa. Mutumin da ba ya iya kallon fuskarka har ka gama gaishe shi, sai ya kau da kai, shi ne zai zauna tun hantsi har azahar idonsa a kan ƙurungu. Irin wannan kallon nake so. Na roƙa da lalama, na roƙa da kuka, na sa yayana ya roƙa mini. Amsar ba ta canzawa: "Gobe, Uwata."

Ina firamare na gaji da goben. Ranar nan Baba ya tafi rafi, na jawo daron tsakiyar zaure, na yi ta ɗebo ruwa da kofi har ya kai rabi, na shiga na zauna da kayan makarantata a jikina. Ina nan ina rawar ɗari ya shigo da birgi a kafaɗa. Na ɗaga kai na ce, "Baba, na zauna maka."

Ban taɓa ganin ya yi dariya irin ta ranar ba. Sai da ya dafa bango, hawaye na bin kumatunsa. Ya ɗago ni ina ɗigar ruwa, ya naɗe ni da rawanin da yake ɗaurawa a wuya, ya rungume ni har na ji warin kifi da kananzir a rigarsa. Ya saya mini alewa, ya hana Inna ta dake ni saboda yunifom. Amma bai ɗauki gawayi ba. Na kumbura na ƙi yi masa magana har washegari, kuma in faɗi gaskiya, na girma da tunanin cewa wataƙila fuskata ce ba ta kai ta karfasa ba.

Ina sakandare aka yanke mana jiha, aka ce yanzu mu 'yan Nasarawa ne. Abuja kuma ta buɗe baki ta fara cin duk abin da ke kusa da ita. Tifofi suka riƙa gangarawa rafi suna kwasar yashi, wuraren da Baba ya san kwanciyar kifinsu suka zama ramuka, ruwan ya yi jajir. Kifi ya ƙanƙance, ya yi wuya. Gonakin bakin titi suka koma filaye, filaye suka koma ɗakunan haya na ɗalibai da ma'aikatan da tsadar Abuja ta koro. A Sabon Gari aka kawo injin da ke buga allon shago a kan leda, da hoton mutum sak, har haƙoransa. Allunan Baba suka riƙa sauka ɗaya bayan ɗaya. Yakan tsaya da kekensa ya daɗe yana kallon sababbin, ya ce wallahi sun yi kyau. Da ma zagi ya yi, da ya fi mini sauƙin ji.

Duk da haka bai daina zuwa rafi ba, daron ma bai daina samun baƙo ba, ko da baƙon bai wuce tafin hannu ba.

Da na gama karatu na samu aikin buga takardu a wata ma'aikata a Abuja, aka shirya zan zauna wurin ƙanwar Inna a Nyanya. Ranar Asabar ɗin da zan tafi washegarinta, ina ɗaki ina cusa kaya a jaka, na ji muryarsa daga zaure.

"Uwata, ɗaura koren ɗankwalin nan naki, ki ɗauko kujera."

Na fito na tarar da shi da sabon falanki a gwiwa, daro a kife a wurinsa. Sai da na dubi bayana ko da wata yake. Ƙatuwar budurwa da ni, amma saura kaɗan in yi tsalle. Na zauna inda haske ke shigowa ta ƙofa, ya ɗago kai ya kalle ni, irin kallon da na yi shekaru ina yi wa kifi hassadarsa. Ashe kallon yana da nauyi. Na rasa inda zan sa idona, na yi ta murmushi kamar sokuwa har ya ce in rufe haƙoran nan, ba tallar man goge baki muke yi ba.

Inna ta zo wucewa da tire, ta ga abin da ake yi, ta tsaya cak. Sai ta juya ta koma ciki. Da muka tashi sallar azahar na same ta a madafa tana tsintar shinkafa, idonta ya kaɗa. Na ce, "Inna, ba ki taya ni murna ba? Yau dai na ci nasara a kan Baba." Ta ce in zauna.

A nan ta faɗa mini abin da shi bai taɓa faɗa wa kowa ba sai ita. Ta ce a bakin daga Baba ne mai zanen 'yan'uwansa sojoji. Babu mai hoto a daji, sai kowa ya kawo masa bayan kwali ya zana shi, don ya aika wa uwarsa ko matarsa su ga yana nan lafiya. Ya zana su da yawa. Da yawansu kwalin ya isa gida, su ba su isa ba. Wasu ma shi ya ɗauke su da hannunsa, fuskar da ya gama ƙare wa kallo jiya. Tun daga nan ya ce duk abin da ya gama zanawa ya fita hannunsa ke nan. Shi ya sa yake mayar da kifi da kansa, gara ya saki da ransa.

"To yanzu ya yarda kin fita hannunsa," in ji Inna, ta ci gaba da tsintar shinkafarta.

Na koma zaure. Abin da na yi ta nema tun ina yarinya ga shi an ba ni, kuma ba na so. Na zauna ina kallon hannunsa yana tafiya a kan katako, ina jin kamar in fizge gawayin. Can wajen la'asar ya ajiye, ya leƙa waje ya ce, "Haske ya gudu. Ki dawo Asabar mu ƙarasa."

Asabar na dawo. Na sha cunkoson Mararaba, na sauka a tasha, na hau acaɓa har ƙofar gida, koren ɗankwali a jaka. Ya sa fenti a ɗankwalin da wuyan riga, ya ce ruwan ƙasan da zai haɗa kalar fatata ya ƙare, sai wata Asabar. Wata Asabar ɗin ya ce na rame, abincin Abuja bai karɓe ni ba, ba zai zana 'yarsa da ƙashin wuya a waje ba. Da na murmure ya ce kumatun sun canza, sai an kankare an sake. Na yi aure ya ce fuskar amarya daban take, a bari ta zauna. Na haihu ya ce yanzu ne ma idon ya nuna, a fara daga farko. Maigidana har ya mayar da abin tsokana, da ya ga na ɗauko ɗankwalin sai ya ce, "A gaishe da Baba, a ce masa kwangilar nan ta fi ta titin Keffi daɗewa."

Ban san ranar da na gane ba. A hankali dai na daina tambayarsa yaushe za a gama. Wani lokaci aiki ko rashin lafiyar yaro ya hana ni zuwa sati da sati, amma duk ranar da na shigo zan tarar da falankin a jingine fuskarsa na kallon bango, kujerata a inda take. Mafi yawan zaman ma ba zane ake ba. Ya taɓa nan, ya goge can, yana ba ni labarin ramin da tifa ta faɗa, da wane ne ya sayar da gonar gado. Ni kuma in ba shi labarin ofis. Zaman da na fi so a duniya ke nan, kuma ban ƙara samun irinsa ba.

Inna ta riga shi tafiya, bayan 'yar gajeruwar jinya. Da aka share makoki na same shi a zaure shi kaɗai, daro a gabansa babu ruwa babu kifi. Ya ce, "Kin gani, Uwata? Ban zana ta ba, kuma ta tafi. Da na sani da na zana abata, ko yatsan da take faɗa." Na ɗauka daga ranar zai ƙarasa nawa, tunda ya ga ba zane ke ɗauke mutum ba. Asabar ta zagayo ya dubi falankin ya ce inuwar hanci ba ta yi masa ba.

Daga baya yanar ido ta fara rufe masa gani. Ya daina zuwa rafi, yayana ya rataye birgin a ƙusa, ɓeraye suka yi ta cin gefensa. Hoton kuwa ya riga ya cika, kowa ya gani ya san ni ce, har ɗan tabon da ke haɓata. Abu ɗaya ya rage, farin ɗigon nan na cikin ido. Ba tare da shi ba sai matar da ke kan katakon ta zama kamar tana kallon wani wuri can bayanka, tana jiran a kira ta.

Asabar ta ƙarshe na same shi a kan tabarma an jingina masa filo. Ya rame ƙwarai, muryarsa ta yi ƙasa. Ya sa na kawo falankin na ɗora masa a gwiwa, ya sa na buɗe gwangwanin farin fenti, wanda sai da na sa wuƙa don ya bushe a baki. Ya lalubi tsintsiya ya karya tsinke. Sannan ya miƙo hannu ya shafa fuskata, goshi, gira, har haɓa, ya koma ya shafa ta katakon har yatsansa ya tsaya daidai kan ido. Hannun ko rawa ba ya yi.

"Uwata," ya ce, "yau in kina so zan iya gamawa."

Rana tsaka ce. Hasken da ke shigowa ta ƙofar zaure har kashe ido yake, masu acaɓa na ta wucewa, wata mai talla na kiran gyaɗa. Na dubi tsinken, na dubi farin fentin da ya taru a bakinsa.

Na ce, "Baba, haske ya gudu. A bari sai Asabar."

Ya yi 'yar dariya ta cikin hanci. Ya goge tsinken a gefen tabarma ya miƙo mini. "To Allah ya kai mu," in ji shi.

A tsakiyar satin yayana ya kira ni ina ofis, ya ce Baba ya cika.

Yanzu gidan Gangaren Tudu an rushe zauren an yi shaguna, ɗaya ana cajin waya, ɗaya ana sayar da ruwan leda. Kifayen katakon mun raba su tsakaninmu, daron yana wurina, kuma har yau ban yarda an jiƙa ko cokali a cikinsa ba. Hoton yana rataye a ɗakina a Mararaba. Wani ɗalibi mai koyon zane da ke haya kusa da mu ya gan shi, ya yaba hannun, ya ce abu kaɗan ya rage, in na yarda zai ɗiga mini a tsaye. Yaron kirki ne, da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma kallon da na yi masa ya sa bai ƙara tayar da maganar ba.

Ina kewar Baba. Ina kewar warin kananzir da ƙarar gawayi a kan katako, da yadda yake karkata kai idan zai yi mini ƙaryar fenti ya ƙare. Koren ɗankwalin ya koɗe, gefensa ya zare, ba ya fita unguwa. Amma ranar Asabar da safe, idan yara sun fita, nakan ɗaura shi in jawo kujera gaban hoton, inda haske ke shigowa ta taga, in zauna masa.